Tambayar da Tsohon Sojan Ruwa Ya Yi Mini

Jiya na sauko zan tafi uni, wato jami'a, sai na tarar da maƙwabcina Mista Harold tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Whalley Range da akwatuna biyu, yana ta duba agogo. Shekarunsa casa'in da uku. 'Yarsa yake jira, zai koma wurinta a Birmingham.

Sojan ruwa ne a da, daga baya ya zama injiniyan jiragen sama. Na ce masa, "Baba, kai kam ka ga duniya."

Ya ce, "Na gani. Amma ina kan teku aka haifi yarinyar nan. Da na dawo na ɗauke ta, sai ta fasa kuka. A shekarar na bar aikin soja. Taka 'yar fa, ta san ka?"

Na ce, "Ta waya. Tana Kano."

Sai ya juya yana leƙen titi.

Tun jiya na kasa zama a lab, ɗakin bincikenmu. Na buɗe thesis, kundin digirina, na rufe, na duba tikitin jirgi na rufe. Saura wata takwas in gama, ga shi 'yata ta fara kiran ƙanena Abba, kamar shi ne mahaifinta.

Ku da kuka baro yara a gida, yaya kuke yi da zuciyarku?