Ranar Da Aka Tambaye Ni Kalmarsa Ta Ƙarshe

Idona ya yi hazo, ƙafafuna ba sa kai ni ko bakin kasuwa, abubuwa da yawa kuma sun zube daga kaina. Amma akwai yini guda da ba zan manta da shi ba har a sa ni a ƙasa, wato ranar da maigidana ya rasu. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In kuka ya sarƙe ni a tsakiya, a yi mini haƙuri.

A lokacin, Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar nan ba. Maigidana Banufe ne, kafinta, ya biyo masu kwalekwale ya zo Jega neman aiki, ya zauna. Mai bin Yesu Almasihu ne tun daga garinsu, ni kuma a hannunsa na karɓi addinin. Ba ni da dangi a garin, domin tun ina ƙarama aka kawo ni daga wani wuri da ban iya tunawa. 'Ya'ya biyu muka haifa, duka suka koma tun suna goye. Masu bi a Jega mu huɗu ne kacal, mu biyu da wasu Yarabawa biyu 'yan kasuwa. Ɗayansu ne ke yi mana karatu ranar Lahadi a zaurenmu.

Katanga ɗaya muke da wani dattijo mahauci, ina ce masa Baba, matarsa kuma Inna. Shi da maigidana kullum cikin tsokana suke. In zai wuce masallaci sai ya leƙo ya ce, "Banufe, yaushe za ka bar wanga taurin kai ka shigo sahu?" Maigidana yana fiƙe katako zai ce, "Ranar da ka daina cusa wa mutane ƙashi cikin tsoka, Baba." Sai su yi ta dariya. Ranar kasuwa kuwa ba ma rasa 'yar hanta daga gidansa.

Da tsakiyar damina zazzaɓi ya kama maigidana. Kwana shida ya yi. Yarabawan nan sun tafi cin kasuwa wajen Maiyama, gulbi ya kawo, ba a ƙetarewa. Rana ta bakwai da hantsi, ina riƙe da kansa a cinyata, ya buɗe ido ya dube ni, ya kira sunan Yesu sau biyu, ya ce in biyo shi a hankali, ba gaggawa. Shi ke nan. Daga ni sai shi a ɗakin.

Kururuwata ta tara unguwa. Maza suka cika ƙofar gida, amma ba wanda ya shigo, don ba su san yadda za su yi da gawarsa ba. Can sai Baba ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ɗaki, idonsa jawur. Ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, ke kaɗai ke nan sa'ad da rai ya hita. Mi yac ce? In kin ce ya yi kalmar shahada, ba mai tuhumarki. Mu yi mai wanka, mu sallace shi, mu kai shi cikin mutane. Ke ko ki yi takabarki ɗakin Innarki, ba ki rasa ci ba ki rasa sha."

Ba mugunta ta sa ya faɗi haka ba. Abokinsa yake jin wa tausayi, ba ya son a jefa shi a daji kamar wanda ba shi da kowa. Ni ma ba zan ɓoye ba, na so in ce e. Na hango jama'a sahu sahu a kansa, na hango kaina a ɗakin Inna ana kawo mini fura. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai shaida. Inna tana bayana tana matsa mini kafaɗa tana cewa, "Hwaɗi mana, 'yar nan, rana na yi."

Na dubi fuskar maigidana. Mutumin nan bai taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen katako ya ce mai kyau ne ba. Yaya zan sa masa maganar da bai faɗa ba, alhali bakinsa ya rufe, ba ya iya musawa? Kuma in mun sadu a gaban Ubangijinmu, da wane ido zan dube shi? Na ce, "Baba, sunan Yesu ya kira. Da shi ya cika."

Baba ya dubi gawar abokinsa. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Banufe, har ga mutuwa sai da ka yi man gardama." Ya tashi ya fita. Na ɗauka shi ke nan, an bar ni da gawa.

Ashe magana ya je yi da mutane. Ina jin muryarsa ta katanga yana cewa salla dai ba za a yi ba, amma ba wanda ya hana maƙwabci ya haƙa wa maƙwabcinsa rami. Wasu suka watse, ban kuma riƙe su a zuciya ba. Mutum huɗu suka tsaya, duka mahauta. Ni na yi masa wanka da hannuna, Inna tana miƙo ruwa daga bakin ƙofa. Na sa masa farar rigarsa ta Lahadi, na naɗe shi da zanena mafi kyau. Da yake ba a ɗauko makara ba, a kan wani ƙyaure da maigidana ya gama sassaƙawa kafin ya kwanta aka ɗora shi.

Da za su fita na yafa mayafi na biyo su. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ina za ki? Mace ba ta bin gawa." Baba ya ce, "Ƙyale ta. Cikinmu wa ya san abin da a ka ce ma irinsu? Kai ka sani?" Haka na bi su a baya, mata na leƙe ta kan katanga, har gefen gonar Baba a hanyar Fagada. Gero ya kai ƙugu, ƙasa a jiƙe, haƙa bai yi wuya ba.

Da suka sa shi, sai suka ja da baya suka tsaya suka sunkuyar da kai. Na fara addu'ar da ya koya mini, na kai tsakiya ta ɓace mini sarai. Na tsaya baki buɗe, hawaye na zuba, maza biyar suna jira. Sai kawai na yi magana yadda nake yi da mutum. Na ce, "Ya Yesu, ga bawanka, ka san shi. Ka mutu ka tashi, ka ce naka ma za su tashi. Ka ajiye mini shi." Baba ne ya fara tura ƙasa.

Shekarun da suka biyo baya ban iya ƙirga su. Baba ya rasu, Inna ta rasu, na yi musu kuka kamar iyayena. Gonar ta sauya hannu, gulbi ya hau ta ya sauka ba sau ɗaya ba, yau ko an kai ni ba zan iya nuna wurin ba. Nakan zauna a bakin ƙofa da la'asar, kewar maigidana ta taso mini kamar jiya ya tafi. Ya bar ni ina da ƙarfina, ga shi yanzu ko tulu ban iya ɗagawa. Wani lokaci nakan yi dariya ni kaɗai, in ce ko zai gane wannan tsohuwar mai baki ba haƙori.

Mutuwa ba ta ba ni tsoro, jira ne ya yi mini tsawo. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kada mutum ya sayi sauƙin yini ɗaya da ƙarya a kan abin da ya dogara gare shi. Da na ce e, da an yi masa taro, ni kuma in ƙare rayuwata ina jin kunyar haɗuwa da shi. Na faɗi gaskiya, aka binne shi a gefen gona, ga ni kuma kullum ina ɗokin ranar da za a kira ni.