Ƙayar Bakin Sa

Na yi yawon aikin duba dabbobi har Sudan da Habasha, amma ranar da ba za ta taɓa fita raina ba a nan Tudun Wadar Minna ta same ni, zamanin mulkin soja.

Ina da maƙwabci, wani tela mutumin Bida, da ya zuba duk abin da ya mallaka a kiwon sa guda. Ana saura kaɗan Babbar Sallah sai san ya daina cin harawa, sai dalala yake. Wata safiya na leƙa gidan, na tarar an kayar da shi, wanzamin unguwa yana wasa aska.

"Ƙaya ce ta fito masa a kumatu," in ji wanzamin. "Yanzu zan aske ta."

A Habasha na ga saniyar da aka yi wa haka, bakin ya ruɓe, yunwa ta kashe ta. Na ce wannan tsiron halitta ne, kowane sa yana da shi.

"Malam, kai da ka sha ruwan ƙasashe, har bakin sa ma sai ka yi masa Turanci?" in ji wanzamin.

Aka kwashe da dariya. Telan ya dube ni ya ce, "Maƙwabci, in ya mutu fa?"

Na roƙi a ba ni zuwa azahar. Na je mayanka na sayo kan lafiyayyen sa, na biya wurin aiki na ɗauko madubin likita mai ƙara girman abu, da gilashin da muka ɗora siririn yankin kumatu a kai. Na buɗe bakin kan nan a gabansu: ga ƙaya reras. Sannan na juya madubin ya kalli rana, na ce wanzami ya sa ido.

Ya daɗe a sunkuye. Na nuna masa tsiron da ke tare abinci kada ya zubo, da 'yan jakunkunan da ke tsatso yawu a ƙarƙashinsa, cure kamar 'ya'yan inabi.

"Ikon Allah! Wato rijiyoyi ne a ciki?"

Ya naɗe askarsa da kansa. Shi ya riƙe mini muƙamuƙin san, na ɗaga harshen, na laluba. Can ƙasa, daidai inda yawu ke fitowa, na ji tsini. Na zaro guntuwar wayar ɗaurin harawa, ta yi tsatsa. Na wanke wurin da ruwan gishiri. Kafin mako ya zagayo san yana tuƙa, mata na guɗa a tsakar gida.

Daga baya duk wanda ya kai wa wanzamin maganar ƙaya, sai ya ce, "Je ka wurin mai madubi."

Ina jin harsuna da dama, amma ranar babu wanda ya fisshe ni cikinsu. Abin da na koya shi ne, in mutum yana riƙe da aska, kada ka tsaya musu da shi. Nuna masa ya gani.