Mai Doguwar Addu'a a Filin Tsere

A makarantar cocin nan ta hanyar Batsari ana wasannin hutu na yara, ga wani dattijo tsaye a gindin bishiyar bedi. Rigar Lahadi ce a jikinsa, amma dugadugansa duk faso. Da gani ka san manomi ne, wataƙila daga Wagini, ya bar gona yini guda don ya ga 'yarsa ta yi tsere.

Fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a kafin 'yan mata su tashi. Kowa ya ce amin, aka busa usur. Shi kuwa bawan Allah yana nan, hula a hannu, ido gam, leɓe na motsi, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da alama buƙatun da ya taho da su suna da yawa.

Sai ga yarinyar tana haki, ta ja masa riga.

"Baba, ka ga yadda na wuce su?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Har an yi, Baiwa? Ai ban iso kanki ba, ina kan wakenmu tukuna."