Mota ɗaya, kafin la'asar

Shekaru na yi ina koya wa ɗalibai a Dutse wani reshe na lissafi: yadda za a tura kaya daga nan zuwa can ta hanyoyi da yawa, a ƙona mai kaɗan, a kuma isa kan lokaci. Akan zana garuruwa ɗigo-ɗigo, a haɗa su da layuka, kowane layi da lambobinsa. A allo ban taɓa makara ba.

Ranar da mahaifinmu ya rasu a Yalwawa, da hantsi ne, cikin damina. Liman ya sa jana'iza bayan la'asar. Gwaggo, yayarsa da ta goye shi, tana Miga, ta ce a waya abu ɗaya take roƙo: ta ga fuskarsa kafin a rufe. Mota ɗaya ce a gidan.

Na juya bayan wata takardar jarrabawa na yi zanena. Direba ya wuce Miga kai tsaye, mutanenmu na Kiyawa su hau motar haya. Har da rarar sa'a guda.

Baffa, ƙanen marigayin, ya leƙa takardar.

"Malam na Kiyawa fa? Wanda ya sauke wa ubanka Alƙur'ani zai shigo motar haya?"

"Baffa, lokaci ne..."

"A kan hanya yake. Ko bokon bai nuna maka ba?"

Ya nuna. Na ƙara ɗigo, na rubuta masa minti biyar. Lissafi ya sake fita.

Minti biyar! Ni da aka haifa a nan. Motar na tsayawa a Kiyawa, unguwar su Malam ta fito ta'aziyya. Aka shimfiɗa tabarma, kowane dattijo ya ja addu'arsa, aka yi azahar, Malam ya shiga sauya riga. Direba ya yi ta raɗa mini a waya, "Yallaɓai, wa zan ce wa ya tashi?" Ban san wa ba.

Da aka sallame la'asar hadari ya haɗu. Na durƙusa gaban Liman.

"Allah gafarta Malam, ko rabin sa'a."

Ya dubi sama. "Ruwa zai cika kabarin, ɗana."

Muna ɗaukar makara wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, sun baro Miga, ina jin ƙugin mota.

"Ɗan nan, ka ce su ɗan jira. An rufe shi?"

Kafaɗata na ƙarƙashin makarar. Na ce, "An rufe, Gwaggo."

Can na ji tana ce wa direba ya rage gudu.