Layin Da Baba Ya Tsaya Shi Kaɗai

Ƙarfe biyar da rabi na yamma ne a unguwar Setapak, ranar Asabar, ana ruwa kamar yadda aka saba a wannan lokaci. Muna falo ni da maigidana, wanda karatun digiri na uku ya kawo mu Kuala Lumpur, da 'yarmu ƙarama, da maƙwabciyata 'yar Katsina da ta shigo karɓar tuwon da nake sayar wa ɗalibai. Na jingina waya da kwalbar man gyaɗa a kan tebur. A gida hantsi ne, kuma wata ƙaramar jam'iyya tana zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a zauren wani otal a Abuja. Mahaifina yana cikin wakilai.

Bari in bi abin daki-daki. Baba tela ne, kuma yana da ciwon zuciya. Mun samo masa biza, mun samo likita a nan, an sa rana. Sai ranar ta zo daidai da makon zaɓen. Na kira shi.

"Baba, jam'iyyar da ko kansila ba ta da shi, ita za ta hana ka ganin likita?"

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ke da kike ƙasar da ake karya kumallo da shinkafa, ke za ki koya mini siyasa? Malam ya tsaya takara. Ƙato bayan ƙato za a yi. In ban tsaya bayansa ba, wa zai tsaya?"

Malam tsohon malamin firamare ne da Baba yake bi tun kafin a haife ni. Tutocin jam'iyyar ma Baba ke ɗinka su. Na ce a ɗaga ranar likita, aka ɗaga.

Shafin jam'iyyar ne ke nuna taron kai tsaye. Hoton yana tsinkewa, yana dawowa. Da farko aka yi addu'a. Sannan aka ce wakilai su tashi, kowa ya yi layi a bayan ɗan takararsa. Na hango Baba ya miƙe da sandarsa, cikin farar riga da hula zanna, ya nufi gefen Malam. 'Yata ta dangwala yatsa a wayar ta ce, "Atuk!" Haka yaran nan suke kiran kaka.

Kafin layi ya haɗu, shugaban jam'iyya ya karɓi lasifika. Ya ce an yi maslaha: Malam ya janye wa wani attajiri da ya shigo jam'iyyar bayan ya rasa tikiti a wata babba. Aka yi tafi. Malam ya sauko daga mumbari, kansa a ƙasa, ya fita ta ƙofar gefe. Wakilai suka koma kujerunsu.

Baba bai koma ba. Ya tsaya inda aka ce a yi layi, babu kowa gabansa, babu kowa bayansa. Wani ya kawo masa kujera, ya girgiza kai. Bakinsa yana motsi, amma ba a jin sautinsa.

"Me yake cewa?" in ji maƙwabciyata.

Maigidana ya ce, "Ina jin cewa yake yi a zo a ƙirga layin."

Sai mai ɗaukar hoton ya juya wajen attajirin, bai sake dawowa ba.

Washegari Baba ya kira ni daga tashar mota. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ambaci Malam ba. Ya ce, "An gama, Uwata. Ki gaya wa likitanki ina nan tafe." Da ya isa gida sai ƙafafunsa suka kumbura. Likitan gida ya ce ba zai iya zaman jirgi ba, sai ya ɗan farfaɗo. Bai farfaɗo ba. Aka yi jana'izarsa ina nan, ina kallon jirgin ƙasa na LRT yana wucewa ta taga.

Bayan sadakar bakwai na koma shafin jam'iyyar in sake ganinsa. An goge komai, saura jawabin attajirin. Na tambayi waɗanda suka yi tafiyar tare da shi abin da yake cewa a layin, kowa ya ce yana nesa, bai ji ba.

Na ga mutane da yawa a zauren nan riƙe da waya sama. In kana cikinsu, ko ka san wanda ya je, don Allah a duba. Dattijo ne mai sanda, a hannun hagu na mumbari. Ko babu hoto, in ka ji abin da ya faɗa, ka gaya wa kowane Bahaushe a Setapak ya kai wa mai tuwo, zai iso gare ni.