Wardin da Baba Ya Hana Kowa

Surukina mai gyaran agogo ne, kuma tunda nake ban taɓa zama da marowaci irinsa ba. Ba rowar abinci nake nufi ba, wannan kam za ka ci ka ƙoshi a gidansa. Rowar fure gare shi.

Da ido ya fara gaza masa ganin ƙananan ƙusoshi sai ya rufe shago, ya mayar da rabin tsakar gida lambun wardi. Igiyar shanyata ya fara kwancewa, wai inuwar kaya tana cutar furanni. Ƙwallon jika in ta faɗa ciki, sai dai ta tsufa a can. Ruwan wanke-wanke kuwa ya kuskura ya gangara wajen, ranar kowa sai ya ji a jikinsa. Ka gaishe shi yana tsugune gaban shuka, shukar zai amsa wa, kai ko oho.

Ya iya aikin, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Da ɗan burushin da yake share cikin agogo yake ɗebo ƙurar nan rawaya ta cikin wani fure, ya shafa wa wani, ya ɗaure da takarda, ya jira iri ya nuna, ya shuka. Yawanci tarkace ke fitowa, ya tumɓuke ya yar. Shekara da shekaru yana wannan wahala kafin shuka ɗaya ta yi masa yadda yake so, ja wur, gefen furen da ɗan duhu, ƙamshinta har ɗakina. Saiwarta ba ƙarfi, don haka ya yi mata aure: ya yanko idonta, wato ɗan ƙullin da toho ke fitowa, ya tsaga kututturen wardin jeji mai taurin rai, ya cusa, ya naɗe. Ƙasa ta jeji, sama tasa. Duk duniya ita kaɗai ce, kuma haka yake so ta zauna.

Maƙwabcinmu, malamin makaranta, ya taɓa roƙon ɗan reshe zai dasa. Baba ya ce, "Ka je kasuwa akwai na roba, ko ruwa ba ya so."

'Yarsa ta cikinsa ma ta roƙa da za ta tare a sabon gida. Ya dube ta ya ce, "Ke da ko albasa ba ta yi a hannunki?"

Mijina direba ne. Sau ɗaya ya ce a koya masa aikin, aka ce ya tsaya kan sitiyarinsa. Idan Baba ya yi wa shukar aski, tattara rassan yake yi ya ƙone su ƙurmus, kada wani ya tsinta ya dasa. Ni dai ina shara ina tsaki a ciki. Mutum da jikoki cike da gida, amma icce mai ƙaya ya fi mu daraja.

Sai ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Daga asibiti aka wuce da shi gidan 'yar tasa, don ya fi kusa da likita, ya daɗe a can. Mijina ya karɓi ban ruwa, safe da yamma, ko fashi ba ya yi. Can sai wani toho ya ɓullo daga gindin shukar, mai kauri, kore shar, yana tsawo kamar ana jan sa. Tsofaffin rassan kuma suka soma rawaya suna ƙanjamewa. Abu ɗaya mijina ya taɓa tsinta daga bakin ubansa ta taga, wato a cire rago a bar mai ƙarfi. Ya ɗauko almakashi ya yanke tsofaffin tas, ya bar sabon.

Ranar da aka dawo da Baba a keken guragu, magana ta ɗan dawo, shukar ta kusa kai katanga, ta cika da ƙananan furanni farare marasa ƙamshi. Mijina ya tura shi har gabanta yana murmushi.

"Baba, ka ga yadda ta yi? Launin ne dai bai dawo ba tukuna."

Baba ya sunkuya, ya laluba gindin da hannun da ke motsi. Wajen auren ya bushe ƙayau, sabon tohon daga ƙasansa ya fito.

"Ta jeji ce wannan," in ji shi. "Tawa ka sare."

Mijina ya saki keken ya ja da baya. Na zaci za a yi tashin duniya, har na fara kora yara ɗaki. Sai na ji muryar tsohon a ƙasa-ƙasa.

"Malamin nan, na ba shi reshe?"

"Ba ka ba shi ba, Baba," in ji mijina.

"Ƙanwarka fa?"

"Ita ma ka hana ta."

Ya juyo gare ni, karo na farko da ya dube ni sosai tun zuwana gidan.

"Ke 'yar nan, ke ce mai shara. Ba ki taɓa ɓoye ko ɗaya ba? Ki faɗa, wallahi ba zan yi faɗa ba."

Haushinsa na shekaru yana nan a wuyana bai tafi ba, amma a lokacin sai na so a ce ni ɓarauniya ce. Na durƙusa na ce, "Baba, ai kun iya tsaro. Ko ganye ba ku bari ya fita ba."