Tsohuwar Wayar Kafil

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba zan manta rikicin da tsohuwar waya guda ta jawo mini a gidan kafil ɗina ba, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana da aikina, a unguwar Shifa, nan Riyad.

Ni direba ne a gidan, kuma ni ke kula da ƙofa. Ina son komai a kan tsari: a wanke mota, a share tsakar gida, sannan a sha shayi. Kafil kuwa tsarinsa ɗaya ne, kada ya yarda da kowa. Da ya mayar da gidan irin na zamani, wanda fitila da labule da na'urar sanyi da kyamarori da famfunan lambu da ƙofar gareji duk suke karɓar umarni daga waya, ya rantse babu kamfanin da zai riƙe masa sirrin gida. Ya kawo muhandis, wato injiniya, aka girka wata 'yar kwamfuta a kabad ɗin ƙarƙashin bene, ita ce ƙwaƙwalwar gidan.

Saura yadda zai riƙa leƙa gidansa in ya yi tafiya. Ina riƙe da tsani muhandis ya yi bayani, na kuma haddace daki-daki. Da farko, ba za a bar wa intanet wata kafa a buɗe ba. Na biyu, za a yi ɓoyayyiyar hanya tsakanin wayar maigida da kwamfutar, wadda suke kira VPN. Na uku, makullin hanyar a cikin wayar zai zauna, babu mai shiga sai da ita. Tun daga ranar duk baƙon da ya zauna a majalisa, wato falon baƙi, sai kafil ya gaya masa ko gwamnatocin duniya ba su isa su kunna masa fitila ba. Ni da kuku ko lambar wayafai ba a ba mu ba.

Da sabon samfurin waya ya fito sai ya saya, muhandis ya sa masa sabon makulli. Tsohuwar kuma ya cire layi, ya goge hotuna, ya cire lambar kulle, ya miƙo mini a gaban baƙi don a shaida alherinsa. Na yi godiya, na ba wani ɗan garinmu mai tafiya hutu ya kai wa mahaifiyata Maradi. Haka muke yi, waya mai kyau ba ta daɗewa a hannun ɗan ci-rani.

Bayan 'yan makonni gida ya fara abin mamaki. Ina wanke mota da tsakar rana sai famfunan lambu su tashi su jiƙa ni sharkaf. Na'urar sanyin ɗakina, wadda kafil ya tsara ta mutu da rana, sai in tarar tana aiki. Wata rana na dawo daga kasuwa niƙi-niƙi da kaya, ban kai ga lalubar makulli ba ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, kafil yana kallo ta taga.

Uwargida ta ce aljanu ne, aka yi ta turare. Kafil ya dube ni ya ce, "Wane irin aljani ne ba ya yi wa kowa hidima sai direba?"

Aka bincike wayata da ɗakina, ba a sami komai ba. Muhandis ya zo ya duba, ya ce babu mai shiga sai wayar maigida. Kafil ya ce, "Wato ni nake jiƙa direbana?" Ya kore shi. Sannan ya juyo kaina ya ce iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa, in aka sake babu sabuntawa, sai huruj. Huruj shi ne fita ba dawowa, ni kuwa baki tara ne suke ci da aikin nan a gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira Inna ta bidiyo kamar yadda na saba. Ba mu gama gaisawa ba ta ce, "Kai, me ya sa kake wanke mota ba hula? Rana za ta dafa maka kai."

"Inna, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Ga ka nan a cikin wayar. In na taɓa hoton gidan nan sai ka fito. In na ga rana ta dake ka sai in taɓa hoton ɗigon ruwan. Rannan ma ni na buɗe maka ƙofa, ko sannu."

A tunaninta dalilin aiko wayar ke nan, don ta riƙa ganina.

Ban yi gaggawa ba. Na sa hula, na yi sallama a ƙofar majalisa, na jira aka amsa, sannan na yi bayani daga farko har ƙarshe. Kafil ya yi dariya ya ce ƙarya ma tana son fasali. Na ɗaga wayar na ce, "Inna, taɓa hoton labule."

Labulen majalisa ya kama hanyar sama a hankali, rana ta shigo ta haske fuskar kafil. Sai ga muryar Inna daga wayar.

"Shi ne maigidan? Ka ce ina gaishe shi. Ka kuma ce ya yi maka rumfa, mutum ba ƙarfe ba ne."

Gaisuwar kawai na fassara.

Kafil ya kira muhandis ya wanke shi tas a kan bai tuna masa ba. Muhandis ya zo ya soke tsohon makullin, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Aka sabunta mini iƙama bisa sharaɗin kada baƙi su ji labari, su kuwa har yau ana gaya musu gwamnatocin duniya ba su isa ba.

Washegari Inna ta kira ta ce, "Sun rufe mini tagar." Na ce dole ce, gidan mutane ne. Ta ce to in dai riƙa sa hula.

Abin da na koya shi ne, duk ƙarfin kulle, sai mai gida ya san hannun da kowane makulli yake. A soke makulli, a goge waya, sannan a yi kyauta, haka tsarin yake. Hula kuwa ban ƙara wanke mota babu ita ba, ko da yake yanzu babu mai leƙo ni.